Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Basirka da Batun Tashar Jirgin Ƙasa

Gabatarwa

A ranar 9 ga Fabrairu, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar, a kan kuɗi dalar Amurka biliyan 1.96. Babban layin, mai tsawon kilomita 284, zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Akwai kuma reshe mai tsawon sama da kilomita 90 wanda zai tashi daga Kano, ya bi ta Gaya, ya tuƙe a Dutse, babban birnin Jihar Jigawa. A nan ƙarfen zai tsaya. Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda ƙidayar 2006 ta nuna kowaccensu na da mutane fiye da dubu 270, suna kudu da Dutse, kuma tun da aka fara shimfiɗa dogo a Arewa jirgin ƙasa bai taɓa ratsa gonakinsu ba.

Basirka tana can ƙarshen wannan yanki, cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram, a kan hanyar da ke wucewa zuwa Jihar Bauchi. Babu sunanta a jerin tashoshin da aka tsara, don haka mai karatu na iya tambayar abin da ya kawo ta cikin zancen tasha. Amsar ita ce, a kan garuruwa irin Basirka ake gane ko an tsara tasha domin jama'a ko domin ranar bikin buɗewa. Mazaunin babban birni zai isa tasha ko a ina aka ajiye ta. Mutumin ƙaramin gari kuwa sai an yi tunaninsa tun kafin a kafa tubalin farko, in ba haka ba jirgi zai riƙa wucewa, shi kuma yana nan a tashar mota yana jiran a cika kujera.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, abubuwa uku ke raya tashar ƙaramin gari ko su kashe ta: wurin da aka ajiye ta, da hanyar da mutane za su bi su isa gare ta, da lokacin da jirgi ke tsayawa a cikinta. Girman gini da kyawun fenti suna bayan waɗannan da nisa. Kuma dukkan ukun ana yanke hukunci a kansu ne tun kafin zuwan jirgi, a lokacin da jama'a suka fi sakaci da batun.

Abin da Tsohon Layi ya Bari a Jigawa

Jigawa ba baƙuwar reluwe ba ce. Dogo ya iso Kano a 1911, sannan aka miƙa shi zuwa Nguru, aka kammala a 1930. Wannan layi ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, kuma a yau kowanne daga cikin garuruwan nan hedikwatar ƙaramar hukuma ne. Wanda ya bi tarihinsu zai ga abubuwa guda uku da suka shafi Basirka kai tsaye.

Na farko, tasha takan ja gari zuwa gare ta. A Ƙaramar Hukumar Gagarawa har yau akwai mazaɓar Gagarawa Gari da mazaɓar Gagarawa Tasha. Sunayen biyu sun isa shaida cewa da aka ajiye tasha a gefe, sai wani sabon mazauni ya tsiro a kusa da ita. Haka layin ya kauce wa birnin Haɗeja, mai tsohuwar sarauta da ganuwa, ya bi ta Malam Madori, sai kantuna da sikelin gyaɗa da baƙin 'yan kasuwa suka taru a can. A Kano da Zariya ma a wajen ganuwa aka kafa tasha, kuma a gefenta Sabon Gari ya bunƙasa. Mutanen da suke da Gwaram Tsohuwa da Gwaram Sabuwa ba sa buƙatar dogon bayani a kan yadda gari kan rabu biyu, da abin da rabuwar kan jawo wa kasuwa da makaranta da zumunci.

Na biyu, masu amfani da jirgi su ke tantance abin da zai ɗauka. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa dogo zuwa Kano da fatan samun auduga domin masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka auna farashi, suka ga gyaɗa ta fi riba, suka koma mata. Cikin 'yan shekaru gyaɗa ta cika taragu, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga cinikinta, har aka kai ga dalar gyaɗa da ta yi suna a duniya. Masu tsarin sun zo da lissafinsu, manoma suka zo da nasu, kuma na manoman ne ya tabbata. Duk wanda zai tsara tasha a kudancin Jigawa ba tare da ya zauna da masu riɗi da gero da dawa da dabbobi ba, zai maimaita kuskuren da aka yi fiye da shekara ɗari da suka wuce.

Na uku, tashar da ta dogara da haja ɗaya takan mutu tare da hajar. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya wannan ciniki. Titunan mota suka yawaita, tireloli suka ƙwace dakon kaya, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta shiga halin rashin kuɗi da rashin gyara. Tashoshin layin Nguru suka koma wuraren da ake nuna wa yara ana ba su labarin da.

Darasin Sababbin Tashoshi

Sababbin layukan da aka gina a shekarun baya-bayan nan sun ƙara wani darasi. An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, a watan Yuli na 2016. Babbar tasharsa ta Abuja tana Idu, ta Kaduna kuma tana Rigasa, kowacce a gefen gari. Fasinja kan biya kuɗin tikiti, sannan ya biya kuɗin mota a farkon tafiya da ƙarshenta. Jama'a sun jure wannan ɗawainiya ne musamman saboda tsoron masu garkuwa da mutane a kan titin Abuja zuwa Kaduna. Cikar taragun ba ta nuna an ajiye tashoshin a inda ya dace ba. Tsoro ne ya cika su. Ko da yake akwai ƙananan tashoshi a tsakani, irin su Jere da Rijana, akasarin fasinjoji a Idu da Kubwa da Rigasa suke hawa suna sauka. Bayan harin da aka kai wa jirgin a ranar 28 ga Maris, 2022, an dakatar da zirga-zirga har zuwa Disambar wannan shekara, abin da ya nuna cewa tsaron layi da na tasha wani ɓangare ne na tsari tun daga farko.

Jirgin cikin birnin Abuja ya fi fito da matsalar fili. An buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, bai dawo aiki ba sai a watan Mayu na 2024. Daga cikin ayyukan da hukumar birnin ta yi kafin a sake buɗe shi har da gina titunan da za su kai mutane tashoshin. Ma'ana, an fara gina tashoshi, aka kawo taragu, aka yi biki, sannan daga baya aka tuna cewa fasinja ba daga sama zai faɗo ba. A maƙwabciya Nijar kuma, kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa dogo mai tsawon kusan kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka ƙaddamar da shi a farkon 2016, amma bai zama hanyar sufurin yau da kullum ba, domin ba a haɗa shi da layin ƙasar Benin da zai kai shi bakin teku ba.

In manyan birane masu ɗimbin jama'a da motocin haya sun sha wannan wahala, to ƙaramin gari ba zai jure ta ba ko kaɗan. Tashar da ta yi nisan da ba za a iya takawa da ƙafa ba, kuma babu motar da ke zuwa wurinta a kan kari, a wurin mutumin karkara daidai take da babu.

Tashar Basirka ta Farko Tana Dutse

Gaskiyar da ya kamata a fara faɗa wa mutanen Basirka da Fagam da Farin Dutse da Sara da Kila ita ce, tashar jirgin da za su fara amfani da ita a Dutse take. Saboda haka duk shawarar da ake yankewa a kan tashar Dutse ta shafe su, ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba.

Sai dai akwai wani lissafi da bai kamata a ɓoye ba. Mai son zuwa Kano daga Basirka yakan hau mota ya bi ta Gwaram da Birnin Kudu da Kwanar Huguma da Wudil, ya sauka a cikin birni. Ba zai karkata zuwa Dutse, ya sauke kaya, ya jira jirgi, domin tafiyar da ba ta kai kilomita ɗari da wani abu ba, sai fa in kuɗin ya yi sauƙi ƙwarai. Amfanin reshen Dutse ga kudancin Jigawa yana cikin doguwar tafiya: ɗan ci-rani mai zuwa Kaduna ko Abuja bayan kaka, ɗalibi mai komawa Zariya, falke mai zuwa Katsina ko Maraɗi. Wannan kuwa ba zai samu ba sai an kammala layin Kano zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 203, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yuli na 2021, kuma aka daidaita jadawalin jiragen ta yadda wanda ya taso daga Dutse da safe zai tarar da na Kaduna a Kano bai tashi ba. In jirgin Dutse ya iso bayan na Kaduna ya wuce, fasinja ya kwana a tasha, to gobe mota zai hau. Sabon layin faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon kuwa 1,067, don haka taragun wannan ba sa hawa kan wancan. Haɗuwar sababbin layukan a Kano ita ce ƙofar da reshen Dutse zai bi ya kai mutum nesa.

Abu na biyu shi ne hanyar mota. A watan Agusta na 2021 ruwa ya karya wata gada kusa da Radabi, a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, wata motar haya ta afka cikin ramin, mutum 21 suka riga mu gidan gaskiya. Wannan hanya ita ce za ta ɗauki fasinjan jirgi daga Basirka, kuma ita matafiya zuwa Bauchi da Gombe da Adamawa suke bi. Duk kuɗin da aka kashe a kan gadojinta da kwalbatocinta, a haƙiƙa kuɗin tashar jirgi ne, ko da an rubuta shi a wani babi na kasafi.

Abu na uku shi ne tashar mota. Ya kamata a keɓe fili a harabar tashar Dutse domin motocin Birnin Kudu da Gwaram da Basirka, a zauna da ƙungiyar direbobi tun yanzu a yi yarjejeniya cewa wasu motoci za su riƙa tashi a kan lokaci domin su riski jirgi, ko sun cika ko ba su cika ba. Al'adar tashar mota ita ce a jira cikar kujera, jirgi kuwa da agogo yake aiki. Direba ba zai tashi da rabin mota don Allah kawai ba, musamman bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Dole gwamnatin jiha ta cike masa giɓin a shekarun farko, har jama'a su saba.

Na huɗu shi ne tikiti. Tun 2021 ake sayar da tikitin layin Abuja zuwa Kaduna ta intanet, domin a rage cuwa-cuwar 'yan bayan fage. Manufar tana da kyau, amma dattijuwar da za ta raka jikanta asibiti ba lallai ta mallaki babbar waya da asusun banki ba. In an buɗe wurin sayar da tikiti a tashoshin motar Birnin Kudu da Gwaram, mutum zai bar gida da tabbacin kujerarsa a aljihu, maimakon ya yi doguwar tafiya ya tarar an ce ta ƙare.

In Wata Rana Layi ya Zarce Kudu

Wanda ya buɗe taswira zai ga cewa reshen Dutse ya tsaya yana fuskantar wani giɓi. Can kudu maso gabas akwai tsohon layin da ya isa Bauchi a 1961, ya isa Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964. Birnin Kudu da Gwaram da Basirka suna tsakanin layukan biyu. Duk ranar da aka yi tunanin haɗa Kano da Arewa maso Gabas ta dogo, wannan yanki na cikin hanyoyin da injiniyoyi za su auna. Abin da zai sa a zaɓe shi, ko a kauce masa, shi ne irin shirin da aka tarar a ƙasa. Ga abubuwan da ya kamata a fara.

Ƙidayar matafiya ita ce farko. Mota nawa ke tashi daga Basirka a ranar kasuwa, nawa a sauran ranaku? Ina fasinjojin suka nufa, nawa suke biya, me suka ɗauko? Buhu nawa na riɗi da gero ke fita daga kasuwar Sara bayan kaka, kuma tirela nawa ta dabbobi? Majinyata nawa ake kaiwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, nawa ake turawa gaba zuwa Kano? Wannan aiki ne da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da na Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa za su iya yi da takarda da alƙalami, a rani da damina, shekara biyu ko uku a jere. Garin da ya je gaban ma'aikatar sufuri da alƙaluma ya fi wanda ya je da tawagar masu roƙo.

Sai batun wuri. A zaɓi tudu wanda ruwa ba ya kwanciya a kansa, kuma dattawan gari sun fi kowane safiyo sanin inda ambaliya ta taɓa kaiwa. A sa tasha kusa da babbar hanya da kasuwa, a tazarar da mai ɗauke da kaya a ka zai iya takawa. Injiniya yakan so fili mai sauƙi a bayan gari domin ya guje wa rusau da biyan diyya, kuma yana da hujja, domin sabon jirgi mai gudu ba ya son lanƙwasa mai tsanani. Amma arhar da aka samu ranar gini, fasinjoji ne za su riƙa biyanta kullum a hannun 'yan acaɓa har tsawon rayuwar tashar.

Batun fili shi ya fi haɗari. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓe su domin amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta abin da ke kan fili ce, kamar gini da amfanin gona da itatuwa. Manomin da aka karɓe gonar gadonsa zai iya tashi da kuɗin da ba za su saya masa rabinta ba. A ɗaya gefen kuma, da zarar labarin tasha ya fita, dillalan filaye masu kunne a ofisoshi sukan riga kowa, su saye gonakin da ke kewaye da arha, su yanka fuloti. Maganin wannan shi ne a bayyana taswira a fili, a liƙa ta a ƙofar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma, a karanta ta da Hausa da Fulfulde a rediyo da masallatai, a kuma rubuta sunan mai kowace gona a gaban dagaci da masu unguwanni kafin a fara awo. Dokar auna tasirin manyan ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta riga ta tanadi a baje rahoto domin jama'a su duba. Rahoton da aka ajiye da Turanci a wani ofis a Dutse bai cika manufar wannan doka ba.

Akwai kuma burtali da mashaya. Dogo yakan raba gona da gida, ya raba garke da ruwa. In ba a bar mashigai a ƙarƙashin layi a inda shanu da amalanke suka saba bi ba, mutane za su buɗe nasu, a yi asarar rayuka da dukiya, a kuma ƙara rura wutar rikicin manoma da makiyaya. Dole ardo ya zauna a teburin da hakimi ya zauna.

Ginin kansa ya zama daidai ruwa daidai tsaki. Abin da Basirka ke buƙata shi ne dakalin hawa jirgi mai rumfa, da ɗakin jira mai sashen mata, da rijiyar burtsatse da makewayi da wurin alwala da salla, da fitilu masu aiki da hasken rana, da gangara domin masu keken guragu da tsofaffi, kamar yadda dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta a gine-ginen jama'a. A gefe a bar ɗan gajeren layi da sito da wurin loda dabbobi, domin a ƙaramin gari kaya ne ke ciyar da tasha fiye da fasinja. Sauran filin a killace shi domin gaba. Katafaren bene mai gilasai da na'urar sanyaya ɗaki, a garin da wutar lantarki ba ta tsayawa, nauyi ne da za a bar wa ƙaramar hukumar da ba ta iya ɗaukarsa.

Hujjojin Masu Ja

Masu ja da wannan ra'ayi suna da maganganu masu nauyi. Wasu za su ce Basirka ta yi ƙanƙanta, kuma duk tsayawar da jirgi ya yi tana cinye mintoci daga lokacin ɗaruruwan mutanen da ke ciki, ga albashin ma'aikata da masu gadi. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba kowane ƙauye ne zai sami tasha ba. Sai dai layin Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa guda ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa a kansa suke bi. Irin wannan layi dole a yi masa wuraren kaucewa a tazara-tazara, inda wani jirgi zai raɓe wani ya wuce. Tun da jirgi zai tsaya ko ana so ko ba a so, hikima ita ce a sa wurin kaucewar a kusa da gari mai kasuwa maimakon tsakiyar daji, a ƙara masa dakali da rumfa. Sannan ba dole kowane jirgi ya tsaya ba. Mai sauri ya wuce, na talakawa ya tsaya sau ɗaya da safe, sau ɗaya da yamma.

Wasu kuma za su ce wannan duk mafarki ne, tun da wa'adin da aka fara bayarwa na kammala layin Maraɗi ya wuce ba a gama ba, balle a yi zancen abin da ke bayan Dutse. Jinkirin abin takaici ne, amma ga mai tsari dama ce. Ƙidayar matafiya da rubuta sunayen masu gonaki da killace fili ba sa buƙatar dala ko bashin ƙasar waje. Kuma ko da dogo bai taɓa zuwa Basirka ba, gyaran gada da tashar mota mai tsari da sanin yawan amfanin gonar da ke fita daga yankin ba za su zama asara ba.

Akwai kuma masu ganin cewa tasha rabon siyasa ce, wanda ya fi ƙarfi a Abuja shi ke kai ta garinsu. Ba za a musa cewa hakan na faruwa ba. Amma ɗan siyasa iyakarsa ya kawo gini, fasinja kuwa buƙata ce ke kawo shi. In tasha ɗaya ce za a ba kudancin Jigawa, kuma alƙaluma suka nuna Birnin Kudu ko Gwaram ta fi cancanta, ya fi wa Basirka alheri ta goyi bayan haka, ta nemi mota mai tashi a kan lokaci zuwa can, da ta sami tashar da za ta zama makwancin awaki.

Kammalawa

A da, duk abin da ya shafi reluwe na Gwamnatin Tarayya ne ita kaɗai. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a kan gyaran tsarin mulki wanda ya ba jihohi ikon yin doka da aiki a wannan fanni. Saboda haka uzurin cewa magana ce ta Abuja ya ragu. Gwamnatin Jigawa tana da ikon fili da tsara garuruwa da sufurin cikin jiha. Ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu suna da tashoshin mota da kasuwanni. Masarautar Dutse, ta hannun hakimai da dagatai, ta san mai kowace gona da hanyar kowane garke. Jami'o'i suna da ɗalibai masu neman batun bincike. Wakilan yankin a majalisun jiha da tarayya kuma aikinsu ne su nemi a fito da taswirar tashar Dutse da tsarin hanyoyin da za su kai gare ta, su kawo wa jama'arsu su gani.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da jirgin farko zai shigo Dutse, an riga an gama yanke hukunci a kan inda ƙofar tasha ta fuskanta, da inda motar Gwaram za ta tsaya, da ƙarfe nawa jirgi zai tashi. Waɗannan shawarwari ana yin su ne a yanzu, a ofisoshin da mutumin Basirka bai taɓa shiga ba. Matakin farko da ya rage ga shugabannin yankin shi ne su nemi kujera a wurin, su kuma je da alƙaluman matafiyansu a hannu.